Zanen Goyo: Aro Ne Ko Kyauta?

Akwai wata 'yar magana da take ɓata zumunci a gidaje da yawa a Kafanchan da kewayenta, amma ba a kai ta gaban alƙali, ba a kai ta gaban mai unguwa, ba safai kuma ake jin ta a wa'azin masallaci ko na coci ba. Maganar kuwa ita ce ta aron kayan jariri. Mace ta haihu, ta yi goyo, ta yaye, ta wanke kayan ɗanta ta ninke, ta sa kafur ta rufe a akwati. Ba a jima ba sai ga aike daga ƙanwar mijinta a Zonkwa, ko daga facalarta a Kagoro, cewa watan haihuwa ya kama, a taimaka da kayan. In ta bayar, ta bayar ranta yana suya. In ta hana, an sa mata suna marowaciya ke nan har illa ma sha Allahu.

Maza da yawa in suka ji wannan batu sai su yi tsaki, su ce ai maganar mata ce, tsumma ne kawai. To, amma a kan wannan tsumman ne ya da ƙanwa suke daina gaisawa, a kansa ne uwar miji take ƙullatar surukarta shekara da shekaru, har abin ya gangaro kan yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Saboda haka maganar ta isa a zauna a duba ta. Abin da ya dace kuwa a fili yake: a ci gaba da aro, gama alheri ne, amma a faɗi da baki tun ranar bayarwa ko aro ne ko kyauta, sa'an nan a bar wa kowace uwa abu ɗaya ko biyu da ta keɓe wa zuciyarta, ba tare da an zarge ta ba.

Garin da aro ya raina

Ba abin mamaki ba ne da aro ya yi ƙarfi a Kafanchan. Garin ya bunƙasa ne a kan hanyar jirgin ƙasa, tun daga 1927 da ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da wanda ya hau Jos. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa suka zo daga ko'ina, Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa, suka zauna tare da 'yan ƙasa, watau Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da na Marwa da Kaninkon da sauransu. Matar ma'aikacin da aka kawo daga nesa, ba uwa kusa, ba goggo kusa, in haihuwa ta zo mata da tsakar dare, maƙwabciyarta ce take miƙo baho da tawul da zane, ba ta tambayi yarenta ko addininta ba. Ko da yake harkar jirgin ta ja baya ƙwarai, wannan hali bai bar garin ba.

A ƙauyuka kuwa abin ya fi haka tsufa. A babban gida inda 'yan'uwa maza suke zaune da matansu a tsakar gida ɗaya, majanyi ɗaya yakan goyi yara biyar ko shida kafin ya mutu, ba wanda kuma ya taɓa tsayawa ya tambayi ko na wace ce. Mutanen da suke ɗaukar ɗan da suka haifa da cikinsu su ba ɗan'uwa riƙo, suna cewa ɗa na kowa ne, da wuya su gane dalilin da zai sa a yi jayayya a kan hular ɗan.

Ga kuma matsin zamani. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 farashin kome ya yi sama, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da labari cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A damanar 2023 ɗin nan ce kuma cutar ruɓewa ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, ta bar manoma da yawa hannu banza, alhali kuwa da kuɗin citta ne magidanci a wannan yanki yakan yi aure da suna da kuɗin makaranta. Mafi ƙanƙancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne. Mai wannan albashi, in aka miƙo masa takardar kayan haihuwa daga asibiti, ga baho, ga bokiti, ga filas, ga tawul, ga shawul, ga nafkin, ga katifa da gidan sauro, ina zai sa kansa in ba dangi?

Daɗin daɗawa, kayan jariri ba sa tsufa a jikin mai su. Lafiyayyen jariri yakan ninka nauyinsa na haihuwa cikin kamar wata biyar, ya ninka shi uku kafin ya cika shekara. Rigar da aka saya da tsada don ranar suna, ko don ranar da za a fara kai shi coci, sau uku ko huɗu zai sa ta, sai ta ƙi shiga. A kulle irin wannan a akwati alhali ɗan ƙanwa yana kwance cikin sanyin hunturun Kagoro ba riga, wannan kam ba wanda zai yaba. Har nan, masu cewa a bayar suna da gaskiya.

Abin da ke cikin akwatin

Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da mai aro yake gani a cikin akwatin shi ne yadi da zare. Uwa kuwa kwanakin rayuwarta take gani. Wannan zanen shi uwarta ta kawo mata ranar da ta je wankan jego, uwar kuwa yanzu ta riga mu gidan gaskiya in ji masu iya magana. Wannan hular ita ta saƙa da hannunta tana da ciki wata bakwai, ba ta san ko za ta sauka lafiya ba. Wannan shawul ɗin a cikinsa aka naɗe yaron daren da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi, aka yi ta gudu neman mota zuwa asibiti. Wanda bai kwana a zaune a wannan dare ba, ba zai san kuɗin shawul ɗin ba.

Waɗansu kayan ma ba a sake samun irinsu ko da kuɗi a hannu. Mutanen kudancin Kaduna da yawa sun yi aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna, kuma atamfar kamfanin UNTL, wanda aka kafa a 1964, ta goyi yara ba iyaka a wannan yanki kafin kamfanin ya dakatar da aiki a 2007. Tsohuwar da take riƙe da zanen da mijinta ya kawo mata daga can da albashinsa, ta goyi 'ya'yanta da shi, in aka ce mata ta kwantar da hankalinta za a saya mata wani a kasuwa, an yi mata magana ne irin ta wanda bai fahimta ba.

Sa'an nan akwai kunya, wadda ita ce ta fi ɗaure bakin mata. A al'adar Hausawa da Fulani uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, ko da kuwa zuciyarta tana kansa dare da rana. To, macen da al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta, yaya za ta buɗe baki a gaban uwar mijinta ta ce rigar ɗan nan ba za ta iya rabuwa da ita ba? Sau da yawa wannan 'yar rigar da ke ƙasan akwati ita kaɗai ce hanyar da ta rage mata ta nuna ƙaunar da aka hana ta nunawa. Ko a gidajen da ba a bin wannan al'ada, kara da ganin girman surukai sukan sa mace ta ce "to" alhali zuciyarta tana cewa a'a.

Mafi nauyi duka su ne kayan yaron da ya koma. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Watau da wuya a sami babban gida da babu uwar da ta binne ɗa. Wata takan rabar da kayan tun kafin a share makoki, don ba ta iya kallonsu. Wata takan ɓoye safa guda, ba ta gaya wa kowa ba, har tsufanta. Dukansu biyu suna da gaskiya, ba kuwa wanda ya isa ya zaɓa musu. Duk wanda ya je ya ce wa irin wannan uwa, "Ai mai su ba ya nan, me za ki yi da su?" ya yi mata rauni na biyu, ko da bai nufa ba.

Shi kansa yaron ma yana da nasa haƙƙi. Iyaye mata sun daɗe da sanin cewa yaro yakan maƙale wa zane ɗaya, ba ya barci sai ya riƙe bakinsa, musamman a kwanakin yaye. Wani likitan yara na Ingila, Donald Winnicott, ya yi rubutu a kan haka a 1953, ya nuna cewa irin wannan ƙyalle yana tsaya wa yaro a madadin uwarsa sa'ad da ya fara koyon rabuwa da ita. A fizge masa shi rana ɗaya don an haifi wani a gidan kawunsa, a ce ai ya girma, zalunci ne ƙarami wanda manya ba sa lura da shi.

Inda gizo yake saƙa

A ɗauki misalin da kowa ya san irinsa, ko a Takau ko a Aduwan ko a Katsit. Uwar miji ta shigo da hantsi, aka gaisa, ta ce, "'Yata, ƙanwarki ta kusa sauka. Ki haɗa mata kayan yaron nan tun da ya yi wayo." Suruka ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Mama." Ta haɗa duka, har da zanen da uwarta ta ba ta, domin kunya ta hana ta cire shi a gaban tsohuwa. A ranta aro ta bayar. Ba ta faɗa ba, ba a kuma tambaye ta ba.

Bayan shekara biyu ita ma ciki ya tsufa. Ta aika a karɓo kayan, sai aka kawo mata rabi. Baho ya fashe, shawul yana gidan wata maƙwabciya da ita ma ta haihu, zanen kuwa an yayyaga an yi nafkin da shi. Da ta yi magana sai ƙanwar mijin ta ce, "Haba Yaya, a kan wannan tsohon zanen? Ai na ɗauka kin bar mini ne." Daga nan sai magana ta koma wurin uwar miji, daga can ta koma wurin miji, shi kuma ya rasa bayan wanda zai bi, ya ce kowa ya yi haƙuri. Haƙurin da ba a yi ba ke nan. Bikin Kirsimeti ya zo, ko Salla, aka ga wata ba ta aika wa wata da abinci ba.

In aka duba da kyau, ba wadda ta yi niyyar mugunta a cikinsu. Ɗaya ta ba da aro a zuci, ɗaya ta karɓi kyauta a zuci, bakin kowa a rufe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce shirun ranar farko. Kalma biyar da aka faɗa a ranar da an huta da gabar shekara biyar.

Kuma kada a manta, a ƙasar nan mai ba da aro yawanci ba ta gama haihuwa ba. Wancan bincike na 2018 ya nuna cewa macen Nijeriya takan haifi 'ya'ya biyar da ɗoriya a rayuwarta. Saboda haka kayan da ke cikin akwati jiran mai zuwa suke yi. Wadda ta karɓa ta lalatar, ta sa 'yar'uwarta sayen abu sau biyu a lokacin da sau ɗaya ma da ƙyar.

Laifin masu karɓa da na masu riƙewa

Gaskiya ɗaya ce, masu karɓar aro su suka fi ɓata wannan al'ada. Akwai mai karɓa ta ba wata aron abin da ita ma aro ta yi, ba ta nemi izini ba. Akwai mai mayarwa da datti, ko da tabon manja, ta ajiye a bakin ƙofa ba ko sannu. Akwai wadda sai an bi ta kamar ana bin bashi, in an matsa kuma ta yi fushi ta ce an raina ta don ba ta da shi. Akwai kuma mai zuwa ta buɗe akwatin yayarta da kanta ta zaɓa, wai ai duk ɗaya ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, watau mai shi yana iya zuwa ko yaushe. Wadda ta manta da haka ita take sa a rufe ƙofa ga masu zuwa bayanta.

Amma masu riƙewa ma ba a wanke su duka ba. Keɓe abu ɗaya ko biyu daban ne, cika akwati uku da kayan da ba mai sawa kuma daban ne. Wata autanta ya shiga sakandare, amma gadon jariri yana nan a jingine, keken koyon tafiya yana tsatsa a bayan ɗaki, riguna goma sha suna ƙasan adaka. Ƙasar nan kuwa mai ruwa ce, damina takan yi wata shida ko fiye, abin da asu bai ci ba hunhuna za ta ci, abin da ya tsira gara tana jiransa. Ranar da aka buɗe sai a tarar ba na sawa, ba na bayarwa, ba na tunawa.

Mutanen Kafanchan sun kuma san abin da ya fi gara. A watan Afrilu na 2011, a tarzomar da ta biyo bayan zaɓe, kasuwar garin ta ƙone, gidaje da dama ma haka, iyalai Musulmi da Kirista suka fita da abin da ke jikinsu kaɗai. A irin wannan rana akwati ba ya ceton kowa. Zanen da ya rufe jariran da aka gudu da su daga hannun dangi da maƙwabta ya fito. Wanda ya ga haka ya san cewa ajiyar da ta fi tabbata ita ce wadda aka yi a wurin mutane.

Abin da addini da al'ada suka tanada

Ba sabon abu ake nema ba, gama addinan nan biyu da jama'ar yankin suke bi sun riga sun tsara aro. A Alƙur'ani, Suratul Ma'un ta zargi masu hana ƙananan abubuwan taimako, malaman tafsiri da dama kuwa sun fassara su da irin tukunya da guga da gatari da maƙwabta suke ara wa juna. Amma fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a littafin Risala da ake karantawa a makarantun zaure, ya ɗora wa mai karɓa nauyi: abin aro mayarwa ake yi, kuma irin kayan da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi, in sun salwanta a hannunsa shi zai biya. A Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura 22 ta wajabta wa wanda ya ari dabbar maƙwabcinsa ta lalace a hannunsa, mai ita ba ya wurin, ya biya. Littafin Sama'ila na fari kuma ya ba da labarin Hannatu, wadda ta miƙa ɗanta ga hidimar Ubangiji, amma kowace shekara sai ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Watau an san da daɗewa cewa zuciyar uwa takan bi ta cikin zare da allura.

Fulani makiyaya ma suna da darasi. A al'adarsu ta haɓɓanaye, mutum yakan ba ɗan'uwansa ko abokinsa da ya rasa dabbobi aron saniya, ya yi kiwonta, ya sha nononta, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan, sa'an nan ya mayar da uwar ga mai ita. Kowa ya san ƙa'idar tun kafin a kama igiya, kuma saniyar aro ita ake fi kula da ita a garke, don kunyar a ce ta lalace a hannunka. In ana iya ba da aron saniya a dawo da ita da godiya, me zai hana a yi haka da baho?

Ko a gidan sarautar Ingila aron kayan jariri ake yi. Rigar da Sarauniya Biktoriya ta sa aka ɗinka a 1841 don baftismar 'yarta ta fari, jarirai 62 na gidan suka sa ta, har zuwa 2004. Abin da ya sa ta yi shekara 163 tana aiki shi ne, duk wanda aka ba, in an gama sai a wanke ta a hankali a mayar wurin ajiya. Da ta tsufa ƙwarai, Sarauniya Elizabeth ta biyu ta sa aka ajiye ta, aka ɗinka wata irinta wadda aka fara sawa a 2008. Ba wanda ya ce Sarauniya ta yi rowa. An gane cewa akwai lokacin bayarwa, akwai kuma lokacin da abu ya cancanci hutu.

Mafita

Na farko, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai bayarwa ta kasa kayanta uku tun kafin a zo nema: na kyauta, na aro, da na ajiya. In an zo, ta faɗa da fara'a: "Waɗannan na bar miki, waɗannan kuwa in kin yaye ki dawo mini da su." Abin da ta san in ya ɓace za ta yi kuka, kada ta fitar da shi sam, kada ma ta nuna shi. In kunya ta hana ta magana da uwar miji, ta gaya wa mijinta, shi ya isar. Wannan aikin maigida ne, ba abin da zai ce ba ruwansa ba.

Na biyu, mai karɓa ta tambaya da bakinta, "Yaya, aro ne ko kin bar mini?" Tambayar ba ta rage mata daraja. Ta mayar a kan lokaci ba sai an aiko ba, a wanke, a goge, a ninke, ko da ɗan sabulu a kai na godiya. In wani abu ya lalace ta faɗa da kanta, ta nemi ta biya, ko da mai shi za ta yafe. Kada kuma ta miƙa wa wata sai da izini.

Na uku, uwayen miji da goggonni su sassauta. In suruka ta ba da tara ta riƙe ɗaya, a gode mata a kan taran, kada a tsaya tuhumarta a kan ɗayan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kowace tsohuwa in ta tuna, ita ma akwai abin da ta taɓa ɓoyewa a ƙasan tukunya.

Na huɗu, a kula da lafiya, gama ba kome ake ara ba. Kwalbar madara da kan robarta, da soso, da reza, kowane jariri da nasa. Tufafin aro a wanke su da ruwan zafi da sabulu, a shanya a igiya cikin rana, a goge da dutsen guga mai zafi, saboda ƙazwa da makero suna bin tufafi, akwai kuma wani ƙuda da yake yin ƙwai a kan rigar da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta zama kamar maruru. Zafin guga yana kashe ƙwan. Gidan sauro mai magani kuwa ƙarfinsa kamar shekara uku ne, wanda ya wuce haka ko ya yage a nemi sabo.

Na biyar, ƙungiyoyin mata su shigo. A ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati take ba masu ciki akwati cike da kayan jariri, daga 1949 kuma aka mai da shi na kowace uwa, da sharaɗin ta je awon ciki da wuri. Akwatin kansa da 'yar katifarsa yakan zama gadon jaririn na farko. Ba lalle a jira gwamnati a nan ba. Zumuntar Mata a coci-coci, da ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, da ma masu adashi a unguwa, suna iya ajiye akwatin aro na jama'a: baho, da gado, da shawul, da riguna, a rubuta sunan mai ɗauka da ranar mayarwa a littafi. Wadda ta gama haihuwa ta zuba abin da ba ta bukata. Ta haka mabukaciya za ta samu ba tare da ta sunkuyar da kai a gaban facalarta ba, nauyin kuma ya sauka daga kan mace ɗaya.

Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, amma a wannan batu a baki take farawa. Majanyin da ya goyi ɗan wa ya koma ya goyi ɗan ƙane ya ɗaure gida biyu, muddin dai an karɓe shi da sani an mayar da shi da godiya. Ita kuma 'yar hular da uwa ta ɓoye a ƙasan akwati, a bar mata abarta; wata rana jikanta za ta nuna wa, ta ce ga abin da ubanka ya sa ranar da ya zo duniya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya bar zumunci.